Asalin Kalmar Barbarity: Daga Baƙon Harshe Zuwa Rashin Imani

Barbarity ita ce kalmar da Turawan Ingila kan ɗauko idan mugunta ta wuce misali, kamar a kashe jarirai a lokacin yaƙi, ko a gana wa fursuna azaba bayan ya miƙa wuya. Bahaushe kan kira irin wannan aika-aika rashin imani ko dabbanci. Sai dai tun asali babu ruwan kalmar da zubar da jini.

Tushenta a Girka yake. Girkawan dā suna kiran duk wanda ba ya jin harshensu barbaros, domin a kunnensu maganar baƙo ba ta wuce "bar-bar-bar" ba. Ko Misirawa, duk da dalarsu da rubutunsu, sunansu ke nan. Masanin tarihi Herodotus ya lura cewa su ma Misirawan haka suke kallon wanda ba ya jin nasu harshen.

Yaƙi ne ya sa wa kalmar dafi. Bayan gwabzawa da Farisawa a Maraton a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, da kuma Salamis a 480, sai Girkawa suka shiga siffanta baƙo da girman kai da bautar sarki da mugunta. Rumawa suka ari kalmar suka liƙa wa ƙabilun Jamus da ke bakin iyakarsu. A shekara ta 410 bayan haihuwar Annabi Isa, Alarik, sarkin ɗaya daga cikin ƙabilun, wato Gotawa, ya faɗa birnin Rum, mayaƙansa suka kwana uku suna wasoso. Ta hanyar Latin kalmar ta isa Faransanci da Turanci.

Zamanin mulkin mallaka ya fi kowane zamani cin amanarta. Turawa sun shigo Afirka da iƙirarin kawar da dabbanci, alhali a Kwango, ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam daga 1885 zuwa 1908, dakarunsa kan datse hannayen mutanen ƙauyen da suka kasa cika awon ƙaron roba. Babu aikin da ya fi wannan dacewa da sunan.

Masana da yawa na ganin sunan Barbar, da Larabawa suka kira mutanen Arewacin Afirka da shi, daga wannan tushe ya fito. Buzayen Agadas da Abzin reshensu ne. Wannan asali na sunan ne ya sa da yawa daga cikin Barbar a yau suka fi son a kira su Amazig.