Abu Nawa Ido Ke Iya Riƙewa?

Ya kai mai karatu, ɗauka an aike ka Kasuwar Wunti da ke cikin garin Bauchi. Ka tsaya a gaban mai sayar da atamfa, ka yi wa turame goma da ke jere kallo ɗaya, sa'an nan ka juya baya. Launuka nawa za ka iya faɗa daidai, kowanne a gurbinsa? Yawancin mutane ba sa wuce uku ko huɗu. In tare da abokinka kuka je, wataƙila ya fi ka. Me ya kawo wannan bambanci?

Ƙwaƙwalwa tana da wata ƙaramar ma'ajiya da ke riƙe abin da ido ya gani na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Da ita kake aiki duk lokacin da ka ɗaga kai ka dubi zane a allo, ka sunkuya ka kwafe shi a littafinka. A shekarar 1997, wasu masana biyu a Amurka, Steven Luck da Edward Vogel, sun auna girmanta. Sukan nuna wa mutum 'yan murabba'ai masu launi, su ɓatar da su, su sake nuna su, sa'an nan su tambaye shi ko wani ya sauya. Sun gano cewa ma'ajiyar ba ta ɗaukar fiye da abubuwa huɗu ko kusa da haka.

To, amma mutane suna suka tara. Wani yana riƙe biyu, wani huɗu. Dalili na farko shi ne tacewa. A 2005, Vogel da abokan aikinsa sun umarci mutane su lura da jajayen siffofi, su ƙyale shuɗɗa. Masu riƙe kaɗan sai suka riƙa kwasar har da shuɗɗan, suka cika ma'ajiyarsu da abin da ba a nema ba.

Dalili na biyu shi ne dabara. A 1973, William Chase da Herbert Simon sun gwada masu wasan ces, wanda ake yi a kan allo kamar dara. Bayan kallon daƙiƙa biyar, gwani ya mayar da 'ya'yan wasan gurabensu fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. Amma da aka zuba su barkatai, sai fifikonsa ya kusa gushewa. Ashe ba ma'ajiyarsa ce ta fi girma ba. Tsari yake gani, yana haɗa abubuwa da yawa su zama ɗaya.

Kai ma za ka iya koyon irin wannan. Da farko, ka kasa abubuwa kashi-kashi, kamar yadda mai tumatir ke yi a Kasuwar Muda Lawal: kashi uku sun fi tumatir goma sha biyu sauƙin riƙewa. Na biyu, ka ambaci sunan abin da ka gani a zuciyarka, domin harshe ya taimaki ido. Na uku, ka danganta sabon abu da wurin da ka sani: ka ajiye ɗaya a Ƙofar Wunti, ɗaya a Ƙofar Ran, ɗaya a Ƙofar Nasarawa, sa'an nan ka bi su a zuci.

Saboda haka, idan abokinka ya riga ka kwafe taswira, kada ka yanke wa kanka hukuncin daƙiƙanci. Ka tambaye shi yadda yake kallonta.

Aiki: Ku jera abubuwa takwas a kan tebur, ku dube su na daƙiƙa biyar, ku rufe. Kowa ya rubuta abin da ya tuna, ya kuma bayyana wa aji dabarar da ya bi.