Ƙarin da Ake Samun Gashi da Haƙori a Cikinsa



A ce an shiga da mutum ɗakin tiyata, likita ya ciro ƙari daga cikinsa, aka tsaga, sai ga gashi, ga haƙori, ga guntun ƙashi. Na san abin da wasu dangi za su ce a bakin ƙofa: jifa ne. Wannan kalma tana damuna ƙwarai, domin ita ke sa a yi ta yawon neman makari har lokaci ya ƙure.

Likitoci suna kiran ƙarin teratoma, kuma asalinsa tun mutum yana cikin mahaifiyarsa ne. A makonnin farko na ciki, ƙwayoyin da za su zama maniyyi ko ƙwan mace sukan bi tsakiyar jikin ɗan tayi zuwa mazauninsu. Wasu sukan maƙale a hanya, can bayan hanji, kusa da ƙoda. Su kuwa ƙwayoyin nan Allah ya yi su da ikon rikiɗa su zama kowane sashe na jiki. Daga nan gashin da haƙorin suka samo asali.

Ba kasafai ake ganin irin wannan na bayan hanji a cikin manya ba, kuma yakan daɗe bai nuna kansa ba. Sai ciwon baya, ciki ya tasa, mutum ya rame. Mace ma takan zaci kwantaccen ciki ne.

A asibiti ana ɗaukar hoton CT, a auna sinadaran AFP, hCG da LDH a jini. Shi hCG ɗin nan shi ne wanda gwajin juna biyu ke nema, don haka namiji mai wani nau'in ƙarin waɗannan ƙwayoyi gwajin na iya nuna kamar yana da ciki! Dole kuma a duba marainansa da na'ura, saboda sau da yawa daga can ciwon ya taso ya haura.

Wasu nau'o'in ƙarin waɗannan ƙwayoyi sankara ne, kuma suna jin magani. A 1974 Dakta Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiana a Amurka ya fara gwada haɗin maganin cisplatin, ya mayar da cutar da ke kashe samari ta zama wadda akasari ake warkewa. Amma shi teratoma kansa ba ya jin maganin. Sai wuƙa.

Aikin kuwa ba a yin sa cikin gaggawa. Ƙarin yakan manne da manyan jijiyoyin jini, likita ya shafe sa'o'i yana ɓamɓare shi a hankali, wani lokaci har ƙoda ɗaya ta tafi. A nan ne kuma jijiyoyin da ke fitar da maniyyi suka ratsa, shi ya sa Dakta John Donohue, shi ma a Indiana, ya inganta dabarar kauce musu. Saurayin da bai haihu ba ya tambayi likitansa wannan batu tun kafin ranar aiki, kada kunya ta hana shi.

Ko an sallami mutum, zai riƙa komawa gwajin jini da hoto tsawon shekaru, domin ɗan guntun da ya rage yana iya sake girma.