Annobar Korona da Tsarin Zaman Jama'a

Cutar korona, wadda aka fara samun labarinta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disambar 2019, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris 2020, ta hallaka kimanin mutum miliyan 7 bisa alƙaluman da gwamnatoci suka bayar, ko da yake hukumar da kanta ta ƙiyasta cewa rayukan da suka salwanta a sanadinta cikin 2020 da 2021 kaɗai sun kusa miliyan 15. Likita yana nazarin ƙwayar cutar da abin da take yi wa huhu, amma masanin ilimin zamantakewa, wato fannin da ke nazarin yadda mutane suke zama da juna da yadda dukiya da iko suke rarrabuwa a tsakaninsu, tambayarsa daban ce: wa cutar ta fi kamawa, wa dokokin yaƙi da ita suka fi ƙuntata wa, kuma me ya sa wasu suka ƙi yarda da gargaɗin hukuma?

Dokar kulle, wadda ta tilasta wa jama'a zama a gida domin rage cuɗanya, ita ce ta fi fito da bambancin da ke tsakanin masu hali da marasa shi. A Indiya an sanar da kullen ranar 24 ga Maris 2020, aka ba mutane wa'adin sa'o'i huɗu kacal, sai 'yan ci-rani da ke aikin leburanci a manyan birane suka wayi gari babu aiki babu abin hawa, da yawansu suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, tafiyar ɗaruruwan kilomita. A Nijeriya an rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris, kuma cikin makonnin farko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tabbatar da bin dokar, adadin da ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin. Ma'aikacin da albashinsa ke shiga banki ƙarshen wata yana iya kulle ƙofarsa ya zauna, amma ɗan dako a Kantin Kwari ko direban adaidaita sahu, wanda rayuwarsa hannu baka hannu ƙwarya ce, sai ya fita kafin a ɗora tukunya a gidansa. Haka kuma umarnin a riƙa ba da tazara da yawaita wanke hannu ba shi da sauƙin bi a gidan haya mai ɗakuna goma, inda kowane ɗaki ke ɗauke da iyali guda, banɗaki ɗaya ake layi a kansa, ruwa kuwa sai an saya a jarka daga hannun 'yan garuwa. Wanda ya tsara dokar bai yi lissafi da irin wannan gida ba.

Akwai kuma tsangwama, wato ɗora wa wani rukuni na mutane laifin kawo cuta tare da ƙyamatar su. A Amurka da Turai 'yan asalin Asiya sun sha zagi da duka, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin an kori 'yan Afirka daga gidajen haya a watan Afrilun 2020, a Arewacin Nijeriya kuwa almajirai aka riƙa lodawa a motoci ana mayar da su jihohinsu, daga baya gwaji ya nuna wasu daga cikin waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa suna ɗauke da cutar. Illar tsangwama ita ce tana sa mai ciwo ya ɓoye ciwonsa, ya ci gaba da shiga jama'a.

Batun da ya fi kowanne nauyi shi ne yarda tsakanin talaka da hukuma, kuma rashin yardar da aka gani a Kano yana da tushe a tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. A 2003 jihar ta dakatar da allurar rigakafin shan-inna saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai a watan Yulin 2004, kuma cikin wannan tsakanin cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Da korona ta zo, kuma aka ga manyan mutane ne labarin kamuwarsu ya fi fita, ciki har da Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilun 2020, sai aka laƙaba mata suna cutar masu kuɗi, wasu ma suka ce hanyar karɓar kuɗi ce kawai. A daidai lokacin masu haƙa kabari a maƙabartun Kano suka fara cewa gawawwakin da ake kawo musu, galibi na dattawa, sun ninka yadda suka saba gani. Tun da yawancin masu rasuwa a gida ake yi musu sutura a binne su a ranar ba tare da takardar shaidar mutuwa ba, sai da kwamitin gwamnatin tarayya ya bi iyalai yana tambayar alamomin ciwon ajali, sannan ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona. Shakkar jama'a tana da dalilinta, amma dattawan nan su ne suka biya kuɗinta da rayukansu.

Shan-inna dai an shawo kanta ne bayan an jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni cikin aikin, har aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agustan 2020. Ya kamata hukumomi su ɗauki wannan hanya tun kafin wata annobar ta ɓulla, su kuma tanadi abincin da za a ba masu neman na yau da kullum kafin su ce kowa ya zauna a gida. Shi kuma mai karatu, idan aka sake shiga irin wannan yanayi, ya tantance saƙon da ya shigo masa ta WhatsApp kafin ya tura gaba, ya kai mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi asibiti da wuri, musamman tsoho ko mai ciwon suga ko hawan jini, kuma idan ya lura mace-mace sun yawaita a unguwarsu ya sanar da mai unguwa da jami'an lafiya na ƙaramar hukumarsa.