Malamin da Harshensa Ya Ɗaure: Yadda Imamu Gazali Ya Fita Neman Kansa

A watan Rajab na shekara ta 488 bayan Hijira, wadda ta zo daidai da 1095 ta Miladiyya, wata cuta ta ɓulla a birnin Bagadaza wadda ta gagari likitoci, ba don tsananinta ba, sai don girman wanda ta kama da kuma yadda ta zo masa. Babban malamin makarantar Nizamiyya, Abu Hamid Muhammadu Gazali, wanda ɗalibai wajen 300 ke durƙusawa gabansa, wanda kuma fadar Halifa ke neman fatawarsa, ya wayi gari idan ya zauna zai ba da karatu sai harshensa ya ɗaure, ko kalma guda ta ƙi fita. Daga nan abin ya gangara zuwa cikinsa, har loma da kurɓin ruwa suka zame masa wahala. Da likitoci suka gama dube-dubensu, sai suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma ba shi da magani muddin damuwar da ta haife shi tana nan.

Mutumin nan kuwa ba wanda zai dube shi a lokacin ya ce akwai abin da ya rasa. An haife shi a Ɗusa, cikin ƙasar Hurasan ta Farisa, a 1058, ya yi karatu a Naisaburi wurin Imamul Haramaini Juwaini, wanda ba a fi shi sanin usulu da kalamu ba a zamaninsa, sa'an nan waziri Nizamul Mulki ya jawo shi jiki, ya ɗora shi bisa kujerar Nizamiyya a 1091, alhali bai kai shekara 35 da haihuwa ba. Ga suna, ga dukiya, ga kaifin hujja wanda ba mai iya ja da shi a fagen munazara.

Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya same shi a wani ɗan littafi mai suna Almunƙizu Minad Dalali, kuma abin da ya sa littafin bai tsufa ba har yau shi ne, marubucinsa bai sassauta wa kansa ba. Tun yana saurayi, in ji shi, ya lura cewa 'ya'yan kowace al'umma kan tashi ne bisa abin da suka tarar iyayensu na kai, saboda haka ya ƙudura sai ya san wane ilmi ne yaƙini, wane ne kuma gadon baki kurum. Ya tuhumi ido, domin ido kan ga inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana kuma ganin tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Ya koma ya tuhumi hankali, tun da yake mai mafarki ma yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi cikin wannan shakka kafin Allah ya yaye masa. Bayan haka ya kasa masu neman gaskiya gida huɗu, watau malaman kalamu, da masana falsafa, da Baɗiniyya masu cewa ba a samun ilmi sai daga bakin imami ma'asumi, da kuma Sufaye, ya bi su gida gida yana awo. Falsafa kaɗai ta ci masa kusan shekara biyu na karatu da kusan shekara guda ta nazari, ya fayyace manufofin ma'abutanta tukuna kafin ya zare alƙalami ya yi musu raddi a Tahafutul Falasifa.

Gida na huɗu ne ya tsayar da shi. Ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalibil Makki, da littattafan Harisul Muhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazidal Bisɗami, har ya ƙure duk abin da ake iya samu ta hanyar karatu da saurare, sai ya gane cewa abin da ya rage ba a samunsa sai da ɗanɗano da canjin hali, kamar yadda likita marar lafiya ya san haddin lafiya da sharuɗɗanta sarai, amma sanin bai tashe shi daga shimfiɗa ba. To, a nan ne ya juya ya dubi kansa. Abin lura kuwa, bai fara binciken daga zunubansa na fili ba, ya fara ne daga mafi kyawun aikinsa, watau karantarwa. Da ya tone niyyar da ke ƙarƙashinta, sai ya tarar ba don Allah tsantsa take ba, neman girma ne da son a ji sunansa ke tura shi. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan labarin duka. Kowa yana iya zargin kansa a kan ƙarya ko giba, domin waɗannan ba su da mai kare su. Amma mutum ya sa sallarsa ta dare, da wa'azinsa, da sadakar da ya yi a bainar jama'a bisa ma'auni, ya tambayi zuciyarsa don wa aka yi, wannan sai namijin gaske, domin riya da ujubu ba su cika kwana a mashaya ba, sun fi son sahun gaba.

Kusan wata shida ya yi yana kai gwauro yana kai mari, da safe ya ɗaura niyyar barin Bagadaza, da maraice son duniya ya warware ta, har ciwon nan ya yanke masa shawara. A watan Zulƙida ya raba dukiyarsa, ya rage abin da zai ishi iyalinsa, ya bar ƙanensa Ahmadu a kan kujerar, ya shelanta cewa Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don gudun kada Halifa ya tsare shi. Ya yi kusan shekara biyu a Dimashƙa, yana hawa hasumiyar babban masallacin Banu Umayya ya kulle ƙofa ya yini yana zikiri. Ya wuce Baitul Muƙaddas, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahimu, inda ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara karɓar kyautar sarakuna ba, ba zai kuma sake shiga munazara ba, sa'an nan ya yi aikin Hajji. Kada mai karatu ya zaci halwar nan ta tafi sumul: shi da bakinsa ya ce larurar iyali da neman abinci da al'amuran zamani sun riƙa gurɓata masa ita, natsuwa ba ta samuwa sai jefi-jefi, amma duk lokacin da aka janye shi sai ya komo.

Ba kowa ke da halin barin gida da sana'a ba, kuma Gazali bai nemi haka daga kowa ba. Abin da ya fito da shi daga waɗannan shekaru shi ne Ihya'u Ulumiddini, littattafai 40 cikin rubu'i huɗu: ibada, da al'adun zaman duniya kamar ci da aure da kasuwanci, da halaye masu halakarwa, da masu tsirarwa. A rubu'in ƙarshe ya shimfiɗa wata hanya wadda manomi da maɗinki da alƙali duk za su iya bi ba tare da sun bar garinsu ba, ya kuwa gina ta bisa misalin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, abin da duk wanda ya taɓa ba yaro jari a kasuwar Kurmi zai fahimta tun kafin a ƙare bayani. Bayan sallar asuba mutum ya kafa wa ransa sharaɗi a kan harshe da ido da ciki. Da rana ya yi muraƙaba, yana duban kowane aiki tun kafin ya sa hannu, don me, kuma don wa. Da dare ya zauna muhasaba, ya ware uwar kuɗi, watau farillai, da riba, watau nafiloli, da hasara, watau saɓo. In ya sami giɓi, sai ya hori ran da abin da ya dace da laifin, ya matsa masa da mujahada, ya yi masa faɗa irin na mai ƙauna. Ba wani asiri a ciki, wahalarsa ɗaya ce, gobe ma sai an sake.

Littafin bai tsira daga suka ba. An ƙone shi a Ƙurɗuba zamanin Murabiɗuna, malaman hadisi kuma sun nuna akwai ruwayoyi masu rauni a cikinsa, har Hafizu Iraƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayyana matsayin kowanne. Ko maganar nan da ta shahara a bakin masu wa'azi, mai haɗa sanin kai da sanin Ubangiji, Imamu Nawawi ya ce ba ta tabbata hadisi ba. Ɗalibi mai hankali sai ya riƙe Ihya a dama, Iraƙi a hagu, ya ci gaba da karatunsa, haka kuwa malaman zaure suka daɗe suna yi a ƙasar nan.

Mu ma muna da namu wanda ya taka irin wannan sawu. A 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi yadda son mulki da dukiya da manyan riguna ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'ar da suka fito don Allah, abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya sulale daga rundunar ya nufi gabas da niyyar ya tare a garin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, kamar yadda ya faɗa a Tazyinul Waraƙati. Bai wuce Kano ba. Mutanen garin suka riƙe shi suna roƙon ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsiri, daga baya ya juya ya koma wurin ɗan'uwansa Shehu, ya ɗauki nauyin da ya guje wa.

Gazali ma komawar ya yi. A 1106, bayan shekara 11 da barinsa Bagadaza, waziri Fahrul Mulki, ɗan tsohon ubangidansa, ya matsa masa, ya kuma shawarci ma'abuta zukata suka ce ya fita, sai ya hau kujerar Nizamiyya ta Naisaburi. Kujera irin ta dā ce, ɗalibai irin na dā, sai dai ya ce a dā ilmin da ke jawo matsayi yake yaɗawa, yanzu kuwa wanda ke raba mutum da son matsayi. Duk da haka bai yi da'awar ya kai gaci ba, roƙo ya yi Allah ya gyara shi tukuna, sa'an nan ya gyara waɗansu ta hannunsa. Bai daɗe a can ba ya koma Ɗusa, inda yake da makaranta da zawiyar Sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin saukar Alƙur'ani da karantarwa da nazarin hadisi, har Allah ya karɓi ransa a watan Jimada Lahir na 505, watau Disamba 1111.