Daga biro zuwa kasuwa: yaushe ya kamata ma'aikaci ya aje aiki?

A shekarun 1990, tambaya ɗaya ce ta dami ma'aikatan gwamnati daga Yamai har Damagaram: a zauna ko a tafi? Albashi yakan yi watanni bai fito ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana kiran yajin aiki a kai a kai, mai kanti kuma ya gaji da rubuta bashi. Ana cikin haka darajar sefa ta faɗi a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Magani da kayan Turai suka yi tsada, albashi bai cim musu ba.

Tun ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta buɗe ƙofa ga mai son barin aiki don kansa, a ba shi kuɗin sallama ya kama sana'a. Masu tafiya suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Masu zama suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Waɗanda suka fita cikin fushi sun tarar kasuwa tana da nata lakwal. Alhajin Maraɗi yakan fara ne yana yaron wani. A hannun ubangida yake koyon hanyar Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, da canjin naira, da sha'anin duwan, har a yarda da shi a ba shi kaya bashi. Tsohon ma'aikaci kuwa ya zo da jari amma ba ubangida, ga dangi suna ganin ya yi arziki. Biki da suna suka cinye uwar kuɗin kafin riba ta zo. Ita ma iyakar Najeriya ba ta da tabbas: an rufe ta a 1984, da 2019, da 2023.

Masu zama ma ba duka suka tsira ba. Gaskiya ne albashi ya daidaita bayan shekarar 2000, amma wani ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kujerar da ransa ya daɗe da bari. Mushen da ke shiga aji ba da zuciya ɗaya ba, yara ne ke biyan kuɗin zamansa.

Waɗanda fitarsu ta yi kyau sun shirya ta tun suna bakin aiki. Sun gwada sana'ar da maraice da ranakun hutu, sun tanadi hatsin shekara, sun shawarci iyali, sun lissafa shekarun da suka rage musu kafin fansho. Ranar da sana'ar ta fara ɗaukar cefanen gida ba tare da albashi ba, ranar suka rubuta takardar aje aiki, suka yi ban kwana da shugabansu cikin mutunci.