Ciwon Damuwa Iri Nawa Ne? Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Fara Nunawa

Mutum biyu za su je gaban likita. Na farko barci ya ƙaurace masa, ya rame, abinci ba ya shiga. Na biyu kuwa barcinsa ba ya ƙarewa, cinsa ya ƙaru, tashi daga shimfiɗa ma ya zame masa aiki. Duka biyun suna ɗaya za a rubuta wa ciwonsu, wato ciwon damuwa, galibi kuma magani iri ɗaya za a fara ba su.

Ba sakacin likita ba ne. Kundin DSM-5 da ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta Amurka ta fitar a 2013 ya jera alamu tara, ya ce duk wanda biyar suka haɗu a kansa tsawon mako biyu, ciki har da baƙin ciki ko mutuwar sha'awar al'amura, to yana da ciwon. In aka yi lissafi, ta hanyoyi 227 ake iya cika wannan sharaɗi. A babban binciken STAR*D da aka yi a Amurka kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warke da maganin farko. Shi ya sa masana da dama ke ganin damuwa kamar zazzaɓi take: ana ganin ta a fili, amma na cizon sauro daban, na taifot daban. Tambayar ita ce, wane awo zai rarrabe su?

A nan na'urar MRI ta shigo. Tana auna girman kowane sashe na ƙwaƙwalwa, da kaurin ɓawonta, da lafiyar fararen jijiyoyin da ke sada sassan. A 2016 gamayyar masana ta ENIGMA ta kwatanta hotunan masu ciwon 1,728 da na lafiyayyu 7,199. Ta tarar sashen hifokamfas, ma'ajiyar tunawa, ya ɗan ƙanƙance a wurin marasa lafiyar, musamman waɗanda ciwon ke tafiya yana dawo musu. Sai dai ragin bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Wani binciken na Jamus a 2022 ya nuna in da hoton kaɗai za a ware mai ciwo daga mai lafiya, dacewar ba ta kai kashi 56 ba, alhali canki-canka ma na ba da 50.

Wasu sun karaya da wannan sakamako. A ganina bai kamata ba, domin in ka cakuɗa cututtuka daban-daban ka ɗauki matsakaicinsu, dole bambancin ya dusashe. Don haka aka sauya salo: a bar kwamfuta ta kasa marasa lafiyar rukuni-rukuni bisa surar ƙwaƙwalwarsu. A 2024 gamayyar COORDINATE-MDD, ƙarƙashin Cynthia Fu, ta yi haka da mutum 685 da ba sa kan magani lokacin ɗaukar hoton. Rukuni biyu suka fito. Na farko ƙwaƙwalwarsu ba ta ragu ba, kuma maganin damuwa ya yi musu aiki sosai fiye da ƙwayar gwaji wadda ba magani a cikinta. Na biyu akwai 'yar raguwa a sassa da dama, kuma a wurinsu maganin bai yi wa ƙwayar gwajin wani fintinkau ba.

Inda hujja ta fi nauyi shi ne a kan tsofaffi. Tun 1997 George Alexopoulos da abokan aikinsa suka bayyana wata damuwa mai tushe a jijiyoyin jini. Dattijon da bai taɓa ciwon ba, sai bayan shekara sittin ya yi sanyi, ya daina fita majalisa, tunaninsa ya yi nauyi, shirya ƙaramin aiki ya gagare shi. A hotonsa sai a ga ɗigo-ɗigon fari inda ƙananan jijiyoyin jini suka lalace, yawanci sanadin hawan jini ko ciwon suga. Irin wannan ba ta cika jin magani da sauri ba. A gidajenmu kuwa cewa ake yi tsufa ne ya kama Baba, a bar shi a ɗaki.

Duk da haka akwai bukatar taka-tsantsan. Rukunai huɗu da wani bincike a kan aikin ƙwaƙwalwa ya sanar a 2017 sun yi tashe, amma da masana a Holan suka sake gwada hanyar a 2019, rabon bai tsaya da ƙafarsa ba. Sannan mafi yawan hotunan da ake aiki da su na mutanen Turai da Amurka da Sin ne. Na Afirka kaɗan ne ƙwarai, a nahiyar da na'urar ke da tsada da wuyar samu.

Saboda haka a yau babu likitan kirki da zai tura ka ɗaukar MRI don ya san irin damuwarka, sai fa in yana zargin ƙari ko shanyewar jiki. Amma in dattijo a gidanka ya yi sanyi ba gaira ba dalili, kai shi asibiti a auna jininsa da sugansa, a kuma saurare shi.