Igiya Uku Da Igiya Huɗu A Bakin Tashar 'Yandoto

Wanda ya baro Tsafe ya nufi Gusau ba zai yi nisa ba zai iske 'Yandoto. Tsohon garin malamai ne, wanda masu tarihi ke cewa daga cikinsa Korau ya fito har ya ci sarautar Katsina, kuma har gobe sarkin Tsafe da sunan 'Yandoto ake kiransa. Amma baƙon yau abin da idonsa ke fara gani shi ne bakin titi: motocin haya sun jeru suna jiran lodi, 'yan kamasho na kiran Gusau da Funtuwa, mai shayi ya kafa teburinsa, can gefe kuma ga gidan kallo da janaretonsa.

A wannan teburin shayi ne, bayan sallar isha'i, ɗaurin aure ya haɗa mana matuƙa jirgin sama guda biyu. Ɗaya yaron unguwarmu ne, ya yi karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, yanzu mataimakin matuƙi ne mai igiya uku a kafaɗa. Ɗayan dattijo ne daga dangin amarya, kyaftin mai igiya huɗu da ya yi shekaru yana jigilar alhazai kafin ya ajiye aiki. Direbobin da suka kwana a gari saboda ba a bin hanyar nan da dare suka matso da bencinansu, samarin da suka fito daga gidan kallo suka tsaya a bayanmu.

Samarin ne suka buɗe hira. Sun kalli fim ɗin nan na Denzel Washington mai suna Flight, na 2012, inda matuƙi ya kifar da jirgin fasinja ciki a sama, baya a ƙasa, ya ceci mutane alhali yana cikin maye. Suka ce, Baba, da gaske ana yin haka? Dattijon ya ce ba kifar da jirgin ne ya fi damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne yadda masu shirya fim ke son jarumi guda, alhali aikin na mutum biyu ne: ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido yana magana da hasumiya, wannan ya karanto abin dubawa daga takarda, wancan ya duba ya amsa. Ya ce in dai gaskiya suke so, su nemi Sully na 2016. A ranar 15 ga Janairu 2009 garken tsuntsaye ya kashe injina biyu na wani jirgi jim kaɗan da tashinsa daga New York, Kyaftin Sullenberger ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira. A cikin ƙasa da minti huɗu da abin ya ɗauka, mataimakinsa Jeff Skiles yana nan yana bin takardar sake tayar da inji layi bayan layi. Wannan takarda ita ce dattijon ke so yara su lura da ita, ba fuskar jarumi ba.

Yaronmu ya ƙara da cewa akwai abin da bai taɓa gani a fim ba, na Amurka ko na Indiya, kuma shi ne ke juya rayuwarsu: jadawalin aiki, wanda suke kira rosta. Takarda ce ke fitowa daga ofis, ta gaya maka ranar da za ka tashi, da wa za ka tashi, a wane gari za ka kwana, da ranakun da za ka zauna cikin shirin ko-ta-kwana, jaka a haɗe, waya a hannu, ko wani zai yi rashin lafiya a kira ka. Sabon shiga shi ke shan tashin asuba, shi ke aiki ranar Sallah, shi ne na ƙarshe wajen zaɓen lokacin hutu. Suna da biki da ta'aziyya da yawa sun wuce shi yana sama. A manyan kamfanonin Amurka, in ji shi, abin har lamba gare shi: ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce matsayinka, da ita za ka zaɓi jirgi da hutu, da ita za ka koma kujerar hagu ta kyaftin. In ka sauya kamfani, ko ka shekara ashirin kana tuƙi, ƙarshen layi za ka koma.

Nan direbobi suka ce ai wannan sun san shi. Layi ke nan. A tasha ana rubuta mota bisa isowarta, ba ka lodi sai wanda ke gabanka ya cika ya tashi, kuma wanda ya tsallake layi ya ja wa kansa tara da faɗan shugabanni. Sun kuma san yadda yaron mota ke shekaru yana ɗaure kaya da wanke mota kafin maigidansa ya miƙa masa mabuɗi. Na ji daɗin wannan gaɓa, domin a nan ne girman da muke ba aikin jirgi ya sauko ya zauna a benci ɗaya da aikin mutanenmu.

Sai dai akwai inda hanya ta rabu. Wani direban ya tambaya: to in layinka ya zo, fasinja sun cika, kai kuma barci na idonka fa? Dattijon ya ce a wurinsu doka ce ke amsawa, ba ƙarfin hali ba. A ƙasashe da yawa matuƙi ba ya wuce sa'a 100 a sama cikin kwana 28, kuma akwai hutun dole tsakanin aikin yau da na gobe. In lokacinka ya cika, ko kai ne babba a kamfani, sai ka sauka a kawo wani. Ya ce sau da yawa alhazai na zaune a sansani suna ƙorafin jinkiri, ga jirgi a fili suna kallonsa, ba su san cewa masu tuƙa shi ne lokacinsu ya ƙare ba. Girma kuma ba ya fid da kai daga jarrabawa. Duk wata shida za a sa ka a na'urar kwaikwayon tuƙi a kashe maka inji a gani, likita na duba ka a kai a kai, ranar da ka cika shekara 65 kuwa ka gama tuƙa fasinja zuwa ƙasashen waje.

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, ya kawo ranar 11 ga Yuli 1991. Jirgi ne ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka ɗauko haya yana kwaso wa Nigeria Airways alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato, lokacin Zamfara na cikin jihar Sakkwato. Tayu biyu ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna makanike ya nemi a ƙara musu, amma mai kula da jigilar bai yarda a jinkirta tashi ba. Tayu biyu suka fashe a kan titin jirgi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi da wutar a jikinsu. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Teburin ya yi tsit, domin a ƙasar nan dattawa ba su manta da wannan shekara ba.

Ya ce tun bayan karon da jirage biyu suka yi a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, kuma aka gano na ƙasa da kyaftin sun yi shakka amma ba su dage ba, kamfanoni suka fara koya wa ƙarami ya buɗe baki, suna koya wa babba ya saurara. Ya juya ga yaronmu ya ce, ɗana, in ka ga na kauce me za ka yi? Yaron ya sunkuyar da kai kamar yadda tarbiyyar gida ta koya masa, sannan ya ce, Baba, zan faɗa sau ɗaya, in sake faɗa da ƙarfi, in ba ka amsa ba in karɓi tuƙin. Dattijon ya ce madalla, abin da ake so ke nan.

Wannan amsa ita ta hana ni barci. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa wannan hali. Amma na sha ganin yaron mota ya dubi taya ta suɗe, ya dubi maigidansa, ya haɗiye maganarsa. Na sha ganin fasinja sun lura direba na gyangyaɗi, kowa ya yi shiru don kada a ce ya yi rashin kunya. Yaronmu kuwa bai rage wa dattijon girma ba ko kaɗan. A tsugune ya gaishe shi, shi ya miƙa masa kofin shayi, kuma shi ne zai karɓe masa tuƙi in ta kama.

Kafin a watse saƙo ya shigo wayar yaronmu: an sauya rosta, hutunsa ya ragu da kwana guda. Da asuba ya bi motar farko zuwa Funtuwa, walima ta wuce shi. A 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau, amma mafi yawanmu a kan kwaltar nan za mu ci gaba da zirga-zirga, tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi da Bunguɗu. Don haka roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi na waɗannan tashoshi: a littafin da kuke rubuta layi, ku ƙara gurbin da za a rubuta lokacin da direba ya iso da lokacin da ya huta, ku duba taya kafin a fara lodi, kuma ku sanar a bainar jama'a cewa yaron motar da ya tsayar da tafiya saboda ya ga matsala ba za a kore shi ba.